Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga likitoci da ma'aikatan jinya Hausawa na Makka da Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Ya'yana da ƙannena likitoci, ma'aikatan jinya, masu ba da magani da masana abinci, ku da kuke jin Hausa kuke aiki a asibitocin Makka da Jidda, sannunku da aiki, Allah Ya saka da alheri. A ɗakin gwajin jini na yi aiki har na ajiye, saboda haka 'yar gida ce ke muku magana. Roƙo ɗaya ya sa na ɗauki alƙalami. Duk yaron da aka tabbatar yana da cutar siliyak, wadda iyaye suka fi sani da hassasiyyar alkama, kada iyayensa su tashi daga gabanku sai kun gaya musu da Hausa cewa ciwon sukari nau'i na ɗaya yana iya biyo baya, kun kuma lissafa musu alamominsa ɗaya bayan ɗaya. A yanzu abin da uwa take komawa gida da shi bai wuce takarda da Larabci ba, sai umarnin a daina ba shi burodi.

Ku yi mini uzuri, zan maimaita abin da kuka fi ni sani, don na san iyaye ma za su karanta wasiƙar nan, wataƙila su riga ku. Cututtukan biyu gida ɗaya suka fito. A kowacce garkuwar jiki ce take rikicewa ta afka wa mai ita. A siliyak, da zarar gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, ya isa ƙaramin hanji, sai kumburi ya tashi, ƙananan tsiron da ke tsotse abinci a bangon hanji su zaizaye. Yaro ya yi ta ci, abincin ba ya kama jikinsa: zawo ko taurin bayan gida, ciki ya kumbura, jini ya yi ƙasa, girma ya tsaya. A ciwon sukari nau'i na ɗaya kuwa, ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, a cikin bankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, su ake bi ana kashewa sannu a hankali, har a wayi gari abin da ya rage bai isa ba. Gado ne ya haɗa su. Kusan duk mai siliyak yana ɗauke da ɗayan ƙwayoyin halitta biyu, HLA-DQ2 ko HLA-DQ8, haka ma mafi yawan yara masu sukari nau'i na ɗaya. Ɗaukar su ba kamuwa ba ne, domin a ƙasashe da dama kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na mutane suna da su, suna cin burodinsu lafiya har tsufa. Sai dai yaron da siliyak ta riga ta bayyana masa ya nuna mana yana da gadon, kuma garkuwarsa ta taɓa ɓatan kai.

Ƙasar nan da muke zaune kasonta ba ƙarami ba ne a cikin biyun. Saudiyya tana cikin ƙasashe goma da suka fi samun sababbin yara masu sukari nau'i na ɗaya, sama da 30 cikin kowane 100,000 a shekara. Gwajin da aka yi wa 'yan makaranta kusan 8,000 a Riyad, aka wallafa a 2017, ya samu siliyak a kashi 1.5 cikin 100, alhali a duniya wajen kashi 1 ake ƙiyastawa. Na yarda, galibi sukari ake fara ganowa, siliyak ta zo daga baya, shi ya sa hankalinku ya fi karkata can. Amma takan juya. A Suwidin, inda suke adana tarihin lafiyar kowa, an bi sawun yaran da aka fara samu da siliyak, aka ga haɗarin su kamu da sukari kafin shekara 20 ya ninka na sauran yara sau biyu da ɗoriya.

Kada kuma a ce siliyak ciwon Turawa ne ko na Larabawa. Kaso mafi yawa da aka taɓa samu a wata al'umma a nahiyar Afirka aka same shi, wajen yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, kashi 5.6 cikin 100, a 1999. Likitocin yara a Sudan tun shekarun 1970 suke ba da rahotonta. Kakanninmu da suka tako zuwa ƙasar nan gero da dawa suka sani. Jikokinmu da tamis da ful suke karya kumallo, su ci sanwici a makaranta, makaroni da rana, kaza mai ɓawon fulawa da dare. Launin fatar yaro bai isa hujjar ƙin gwada shi ba.

Yanzu ga fannin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa. Ciwon sukari nau'i na ɗaya ba dare ɗaya yake saukowa ba, ko da yake haka iyaye suke gani. Watanni, wani lokaci shekaru, kafin sukari ya hau, jini yana ɗauke da shaida, wato ƙwayoyin garkuwa da jiki ya ƙera a kan kansa. A Birtaniya aka fara ganin su a 1974. Yau huɗu ake nema: mai afka wa insulin kansa, da na GAD65, da IA-2, da ZnT8 da aka gano a 2007. Yawansu shi ne abin dubawa. A 2013 an haɗa sakamakon dubban yaran da aka bi tun suna jarirai a Amurka, Finlan da Jamus. Waɗanda aka samu da biyu ko fiye, kusan 70 cikin 100 sun kamu cikin shekara 10. Masu guda ɗaya tak, wajen 15 cikin 100. Wannan tazara ce ta sa tun 2015 ake lissafa yaro mai biyu ko fiye a matsayin wanda ya riga ya shiga matakin farko na cutar, ko da sukarinsa daidai yake. Mataki na biyu shi ne sukari ya fara karkacewa babu alama, na uku kuma shi ne wanda kowa ya sani, na ƙishirwa da rama.

Bincike a ƙasashe daban-daban ya samu waɗannan ƙwayoyi a jinin wasu yara masu siliyak da sukarinsu yake lafiya lau. Tsiraru ne, kuma wannan ya kamata ku faɗa wa iyaye da babbar murya kafin komai. Na sha ganin uwa a bakin tagar karɓar sakamako, riƙe da takarda mai jan layi ɗaya, tana tambayar mai shara abin da aka rubuta saboda ganin likita sai wani makon. Guda ɗaya ba hukunci ba ce. Sai an sake ɗibar jini an tabbatar, gara ma a wani ɗakin gwajin daban, kuma a wasu yaran takan ɓace da kanta. Ku tuna wa sababbin likitoci cewa yaron da ya yi kamar mako biyu ana masa allurar insulin, gwajin ƙwayar insulin ya daina amfani a kansa, don jiki yakan ƙera ta saboda allurar. Ƙaramin abu ne, amma ana ɓarnar jini da kuɗi a kansa.

Ban ce a ja kowane yaro mai siliyak a yi masa gwajin nan ba. Yana da tsada, ba kowane asibiti ke yi ba, ba kowace inshora ke biya ba, kuma sakamakon da babu mai zama ya yi bayaninsa ya fi rashin gwajin cutarwa. Inda zan tsaya da ƙafafuna shi ne yaro mai siliyak wanda uwarsa, ubansa, wansa ko ƙanwarsa ke da sukari nau'i na ɗaya, ko wanda shi kansa aka samu da ciwon tayirod irin na garkuwa. Wannan a zaunar da iyayensa, a gaya musu akwai gwajin, ga abin da yake nunawa, ga abin da ba ya nunawa, su zaɓa.

Za ku ce mene ne amfanin sani tunda ba a iya hanawa? Amfanin shi ne yadda yaro zai shigo asibiti, da ƙafarsa ko a kafaɗar ubansa. Idan insulin ya ƙare ba a farga ba, jiki ya koma ƙona kitse, jini ya yi tsami, abin da kuke kira ketoasidosis, mai iya kumbura ƙwaƙwalwa ya yi kisa. Wani nazari na 2012 da ya kwatanta ƙasashe ya nuna yaran da ake fara gano sukarinsu a wannan hali suna kamawa daga kashi 13 har zuwa 80 cikin 100, Saudiyya kuma tana cikin na sama-sama. A jihar Bavariya ta Jamus, inda tun 2015 ake gwada ƙananan yara a bi waɗanda aka samu da ƙwayoyin, abin bai kai kashi 5 ba a cikinsu. Italiya ta kafa doka a 2023 ta gwada yara cututtukan biyu tare. A Amurka kuma, a Nuwamban 2022, an amince da maganin teplizumab ga 'yan shekara 8 zuwa sama da ke mataki na biyu. Ƙarin ruwa ne na kwana 14, yana jinkirta cutar kamar shekara biyu, ba ya warkarwa, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Ban kawo shi don a sa rai ba. Na kawo shi don ku san iyaye za su gani a waya su zo muku da tambaya.

Abin da ya fi damuna ba ya buƙatar ko riyal ɗaya. Siliyak tana rufe wa sukari asiri. Akwai wata yarinya a unguwarmu, ba ta wuce aji biyu na firamare ba. An gano siliyak ɗinta, aka cire mata alkama, ta murmure ta yi kumatu, kowa ya yi hamdala. Da bazara ta zagayo sai ta fara zubewa. Tana shan ruwa kamar me, kakarta ta ce zafin Makka ne, wa ba ya sha? Ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, aka ce sakarci ne, aka hana ta shan ruwa bayan isha'i. Uwar ta zazzage jakar makarantarta tana neman takardar biskit, ta tsare ta da tambaya wa yake ba ta sambusa a ɓoye, yarinya tana rantsuwa tana kuka. Ranar da ta fara amai tana riƙe ciki, kowa a gidan ya gama yanke hukunci: ta ci alkama. Sai da numfashinta ya koma mai zurfi da sauri, idanu suka faɗa, ta daina amsa kira sosai, sannan aka ɗauke ta cikin dare. Ta kwana a sashen kulawa ta musamman, Allah Ya yi da sauran kwana. Uwar nan ba sakaci ta yi ba. Abin da aka koya mata ta bi sau da ƙafa, cewa rama da amai da ciwon ciki alamar gulutin ne, kuma babu wanda ya taɓa ce mata akwai wani abin daban da ke zuwa da irin wannan kama.

Don haka ku faɗa musu ƙarara: yawan fitsari, fitsarin kwance ga yaron da ya daina, ƙishirwar da ba ta yankewa ko da ana cikin sanyin na'ura, rama alhali yana ci, kasala. Idan an ga haka, a ranar za a auna sukari, ba gobe ba. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, na'urar tana kowane kantin magani, da wuya ma a rasa tsoho mai ita a gidan ko a maƙwabta. Idan ta nuna 200 ko fiye ga yaro mai waɗannan alamu, sai asibiti kai tsaye. Idan an kai ga amai da nishi da wari mai zaƙi-zaƙi a baki, a kira motar agaji a 997, ba lokacin tofi da jiƙo ba ne. Ku kuma cire musu tunanin cewa barin alkama yana kare yaro daga sukari. A Jamus an gwada jinkirta ba da gulutin ga jarirai masu gadon ciwon sukari daga wata 6 zuwa 12, bai rage komai ba.

Ɗaya ɓangaren ba zan daɗe a kansa ba, don ƙa'ida ta riga ta tanade shi. Ƙungiyar likitocin sukarin yara ta duniya, ISPAD, ta ce a gwada siliyak ga duk yaron da aka gano yana da sukari nau'i na ɗaya, a kuma maimaita a shekarun da ke biye, ko babu alama. Ku dai duba fayil ku tabbatar an yi, tare da auna jimillar IgA, wata ƙwayar garkuwa da ke cikin jini, domin mai ƙarancinta gwajin tTG, wato gwajin jini na siliyak, yakan fito lafiya alhali cutar na nan. Yaron da sukarinsa ke yawan faɗuwa bayan cin abinci ba dalili, ko ya ƙi tsawo, ku tuna da hanjinsa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a batun abinci ku ne masu ɗakin. Masanin abincin da bai taɓa shiga madafinmu ba zai miƙa wa uwa jerin kayan kanti masu tambarin babu gulutin, burodin da kuɗin ƙunshi ɗaya zai sayi tamis na kwanaki. Bai san rabin maganin yana cikin tukunyarta ba. Tuwon shinkafa, na masara, na dawa, fura, kunun tsamiya, kunun gyaɗa, ƙosai, alala, sinasir, dambun shinkafa, acha, doya, rogo, babu gulutin a asalin ko ɗaya. Amma ku kun san inda tarkon yake. Semo alkama ce, mata da yawa ba su sani ba, suna ganin tuwo ai tuwo ne. Ɗanwaken yanzu da fulawa ake kwaɓa shi. Wasu masu waina suna barbaɗa fulawa don ƙullu ya kama. Alkaki, dubulan, funkaso, alkubus, gurasa, cincin, fanke, kuskus, taliya, duk sun fita. Wasu dunƙulen miya akwai garin alkama a ciki, sai an karanta bayan kwali, kuma da su ake daka yajin tsire. Injin da ya niƙa alkama da safe ya niƙa gero da rana ya gama da geron. Rariya ɗaya, muciya ɗaya, man da aka soya sambusa aka juyo aka soya ƙosai, duk hanya ce. Iyakar da aka amince da ita a duniya miligiram 20 ce a kilo guda, abin da ido ba ya gani, saboda haka "ɗan kaɗan ne, ba zai yi komai ba" da kakanni suke faɗa ba ta da wurin zama.

Azumi kuwa sai an yi masa zama na musamman kafin ya kama. Shorbar alkama ko ta shufan, sambusa, mutabbaƙ, ma'asub, ga sobiya da ake yi da sha'ir ko busasshen burodi, wadda uwa ba za ta taɓa kawowa a ranta ba tunda abin sha ce. Kwanon maƙwabta yana shigowa gab da magariba, yaro yana kallo.

Ga yaron da ya haɗa cututtukan biyu, aikin ya ninku. Tuwo ba shi da gulutin amma yana ɗaga sukari, burodin kanti marar gulutin ma sitacin shinkafa da na masara ne zalla. Takardun lissafin sitaci da ake rabawa suna da kabsa da tamis da dabino, babu malmalar tuwo, babu ludayin kunu, babu dunƙulen fura. Uwa sai ta yi ta kintace wajen auna insulin, ko ta daina dafa abincin gida gaba ɗaya. Masana abincinmu, wannan naku ne. Ku ɗauki sikeli ku auna malmala ƙarama da babba, ku rubuta giram nawa na sitaci ke ciki, ku ɗauki hoto kusa da cokali don a ga girman, ku raba.

Sai 'yan'uwan yaro. Iyaye da waɗanda suke ciki ɗaya da mai siliyak, tsakanin 5 zuwa 10 cikin 100 su ma suna da ita, sau da yawa shiru. A gidajenmu da auren zumunci ya yi yawa, wannan ba abin wasa ba ne. Mutanenmu ba baƙin gwaji ba ne, tun 2004 ake wajabta na sikila da talasimiya kafin aure a ƙasar nan, kuma mun ga amfaninsa. Abu ɗaya za ku ja kunne a kai: kada a cire wa ƙannen alkama kafin a ɗebi jininsu. Uwa takan ce bari kowa ya bari don a huta, bayan watanni a je gwaji ya fito lafiya, ba don babu cutar ba sai don babu abin da zai tayar da ita.

Kun fi ni sanin gidajenmu ba ɗaya ba ne. Akwai 'yan ƙasa, akwai masu iƙama da inshora, akwai waɗanda takardunsu suka sarƙe har suna shakkar ƙofar asibiti. Akwai matan da Larabcin kasuwa kawai suke ji, akwai kakannin da su ne ke riƙe da yara da rana, ba sa karanta boko ko Larabci. Duk waɗannan suna da waya, suna sauraron saƙon murya. Ku zaɓi mutum biyu ko uku a cikinku masu Hausa garau, likitan yara ɗaya da masaniyar abinci ɗaya, ku naɗi saƙonni gajeru na minti uku-uku: ɗaya kan alamomin sukari, ɗaya kan abincin da ke da alkama a ɓoye, ɗaya kan ma'anar sakamakon gwajin ƙwayoyin garkuwa. Ku faɗi lambar 937 ta ma'aikatar lafiya a ƙarshen kowanne. Ku tura wa malaman tahfiz da masu haɗa zumuncin mata a WhatsApp, su sun san yadda za su yaɗa shi daga Rusaifa zuwa Misfala kafin la'asar. Idan kuna buƙatar mai sauraro ta gaya muku inda Hausar ta yi nauyi ga tsofaffi, ina nan, lokaci kuma ina da shi.

Wassalamu alaikum.

Uwarku kuma abokiyar aikinku ta dā,
daga Makka.